Ƙuri'ar Mai Kishin Addini Ga Ɗan Takara Mai Sassauci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da takan taso duk lokacin da zaɓen Shugaban Ƙasa ya ƙarato. Takan shiga zaurukan malamai, ta shiga rumfunan kasuwa, har takan raba wa da ƙane. A ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda da wuya a sami gidan da babu allo da tawada, kuma ba a ɗaura aure ko a raba gado sai da malami, mas'alar takan zo da zafinta. Ga yadda take. Mutum ne mai kishin addininsa, mai son a tsare tarbiyyar 'ya'ya, a hana giya da caca da tsiraici, a girmama Shari'a. Sai aka kawo masa ɗan takara wanda ba ya ɗaga murya kan waɗannan al'amura. In an tambaye shi batun Shari'a sai ya ce wannan na jihohi ne, in an tambaye shi batun giya sai ya ce ƙasar ta kowa da kowa ce. Shin ya halatta mai kishin nan ya jefa masa ƙuri'a, ko kuwa yin haka cin amanar addini ne?

Jama'a sun kasu biyu. Kashi na farko suna cewa ƙuri'a shaida ce, kuma ba ya kamata mumini ya shaidi wanda yake jin nauyin faɗin gaskiya a bainar jama'a. A ganinsu, wanda ya yi shiru yau don neman ƙuri'a, gobe ma zai yi shiru don tsare kujera, sa'ad da ake rushe abin da iyaye suka gina. Kashi na biyu suna cewa Nijeriya ta fi ƙasar Zazzau faɗi, kuma wanda ya ce sai mai irin maganarsa zai zaɓa, ƙarshenta zai bar filin ga wanda ba ya ƙaunarsa ko kaɗan. Kowane kashi yana da malamai, kowane yana da hujja, kuma ba daidai ba ne a ce ɗaya ya fi ɗaya son Allah. Abin da ya kamata shi ne a warware mas'alar zare-zare, domin yawancin gardamar daga kalmar sassauci take fitowa, wadda kowa yake nufin abu dabam da ita.

Sassauci Iri Biyu Ne

Malaman Musulunci tun da daɗewa sun bambance halaye biyu waɗanda suke kama da juna a ido. Na farko suna kiransa mudara, watau mutum ya tausasa harshe, ya jinkirta wani abu, ko ya bar wani haƙƙinsa na duniya, domin ya tsare addini ko ya kawar da fitina. Na biyu suna kiransa mudahana, watau mutum ya ba da addininsa domin ya sami duniya, ya ga haram ya kira shi halal don kada a ƙi shi. Na farko halal ne, wani lokaci ma abin so ne. Na biyu kuwa haramun ne. Alhafiz Ibnu Hajar ya kawo wannan bambanci a cikin sharhinsa na Sahihul Buhari.

Tarihin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya nuna iyakar kowanne. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa a Makka Ƙuraishawa sun nemi a yi musaya, shi ya bauta wa gumakansu na wani lokaci, su kuma su bauta wa Ubangijinsa na wani lokaci. Bai karɓa ba, Suratul Kafiruna kuwa ta rufe wannan ƙofa har abada. Amma a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da wakilin Ƙuraishawa Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta laƙabin Manzon Allah a takardar sulhu, sai Annabi ya yarda aka goge, aka rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi. Ya kuma yarda Musulmi su koma Madina ba su yi Umra ba a wannan shekara. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, har Sayyidina Umar ya kasa ɓoye damuwarsa. Waɗanda suka je Hudaibiyya wajen mutum 1,400 ne, amma bayan shekara biyu aka shiga Makka da mutum 10,000. Har ila yau Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi ya so ya mayar da ginin Ka'aba kan harsashin Annabi Ibrahim, amma ya bari saboda Ƙuraishawa sababbin shiga Musulunci ne, zukatansu ba za su ɗauka ba.

Saboda haka, jin cewa ɗan takara yana da sassauci bai isa a yanke masa hukunci ba. Sai an san inda sassaucin nasa yake: a lafazi da lokaci da hanyar bi yake, ko kuwa a cikin halal da haram ɗin kansu.

Wane Aiki Ake Zaɓe Dominsa?

Gaskiya ne ƙuri'a shaida ce. To, amma shaida kan me? Wanda aka kira ya shaidi maƙeri, kan ƙira zai yi shaida, ba a tambaye shi ko maƙerin ya haddace Risala ba. Limanci yana da sharuɗɗansa, alƙalanci yana da nasa, shugabancin ƙasa mai addinai da ƙabilu da yawa shi ma yana da nasa. Shaidar gaskiya ba ta yiwuwa sai an san aikin da ake ɗaukar mutum dominsa, da kuma ƙofar da zai bi ya kai gare shi.

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 134, ya gindaya sharaɗin cewa ba wanda zai zama Shugaban Ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, kana ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi, watau jihohi 24 daga cikin 36. Jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a tun daga 1999 guda 12 ne. Ko da ɗan takara ya kwashe ƙuri'unsu kaf, sai ya je ya nemi rabo a wasu jihohi 12, inda Kirista suke da yawa ko ma su ne mafiya rinjaye.

Wannan lissafi ya daɗe yana aiki. A watan Afrilu 1978 wakilai Musulmi da yawa suka fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki a Legas saboda an ƙi kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, Alhaji Shehu Shagari kuwa yana cikinsu. A shekarar da ta biyo, shi ne ya tsaya takara ƙarƙashin tsarin mulkin da bai ba su kotun ba, ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme mataimaki, ya ci jihohin Ribas da Kuros Riba. Ba wanda ya ce Shagari ya bar addininsa don ya yi haka. Marigayi Muhammadu Buhari kuma ya lashe jihohi 12 na Arewa a 2011 da ƙuri'u fiye da miliyan 12, amma bai kai ga kujera ba sai a 2015, bayan ya ƙulla ƙawance da mutanen Kudu maso Yamma. Ke nan duk wanda zai hau wannan kujera lalle a same shi da wani sassauci. Wanda ya rantse ba zai zaɓi mai sassauci ba, tamkar ya rantse ne ba zai zaɓi wanda zai ci ba.

Sa'an nan yawancin abubuwan da mai kishin tarbiyya yake damuwa da su ba a fadar Shugaban Ƙasa ake yanke su ba. Dokar laifuffuka ta jiha, kotunan Shari'a, lasin sayar da giya, kula da makarantun firamare, duk suna hannun majalisar jiha da gwamna da ƙaramar hukuma. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999, wasu jihohi suka biyo baya, alhali kuwa Cif Olusegun Obasanjo, Kirista, shi ne Shugaban Ƙasa. Bai so ba, ya kuma nuna bai so ba, amma bai iya hanawa ba. Dokar haramta auren jinsi ɗaya kuwa Majalisar Tarayya ce ta yi ta, Musulmi da Kirista suka haɗu a kanta, Dokta Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Janairu 2014, duk da matsin lambar Amurka da Ingila.

Abin da yake hannun Shugaban Ƙasa kai tsaye shi ne soja da 'yan sanda, baitulmalin Tarayya, farashin mai, iyakokin ƙasa da yarjejeniyoyi da ƙasashen waje. Magana ɗaya da aka yi ranar 29 ga Mayu 2023 kan janye tallafin man fetur ta isa injin ban ruwa na mai noman tumatir a Ikara, da motar da take ɗaukar rake daga kasuwar Maƙarfi, kafin mako ya zagayo. Amma fa kada a ce ba shi da hannu cikin al'amuran addini sam. Shi yake naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, bisa shawarar Majalisar Alƙalai ta Ƙasa da amincewar Majalisar Dattawa, kuma wannan kotu ce a watan Yuni 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Ministansa na ilmi ne kuma yake kula da manhajar karatu ta ƙasa. Waɗannan ƙofofi su ya kamata mai kishi ya sa wa ido, fiye da yawan ambaton Allah a dandalin yaƙin neman zaɓe.

Abin Da Jihar Kaduna Ta Gani

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a kai su nesa neman misali, domin ɗansu ne ya riƙe Jihar Kaduna a kwanakin da mas'alar ta zama ta jini. Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi ya hau gwamna a watan Mayu 1999. Bayan Majalisar Jiha ta kafa kwamitin duba batun Shari'a, sai zanga-zangar ƙin amincewa ta ranar 21 ga Fabrairu 2000 ta rikiɗe ta zama kashe-kashe a garin Kaduna, aka kuma sake a watan Mayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka rasa rayukansu a tarzomar wannan shekara. Musulmi da yawa suna cewa sai an yi kamar Zamfara, Kirista suna cewa ko kusa. Abin da gwamnati ta fito da shi, wanda ya fara aiki a watan Nuwamba 2001, shi ne aka soke kotunan yanki, aka kafa kotunan Shari'a domin Musulmi da kotunan gargajiya domin waɗanda ba Musulmi ba, kotunan majistare kuma suna nan ga kowa. Aka kuma ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar, ga ƙabilun da suka daɗe suna kukan ana mulkinsu daga Zariya.

Wasu masu kishi a lokacin sun ga wannan rabin Shari'a ne, an ji tsoron mutane an bar tsoron Allah. Wasu kuma suka ga an sami abin da za a iya samu ba tare da an ƙara zubar da jini ba. Tsarin bai kashe wutar nan take ba, domin a watan Nuwamba 2002 an sake tarzoma kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da wani rubutun ɓatanci ga Annabi da jaridar ThisDay ta buga, mutane wajen 250 suka mutu. Amma daga nan har gwamnan ya sauka a 2007 garin Kaduna bai sake ganin irinta ba, kotunan Shari'a da aka kafa kuwa suna nan suna aiki a ƙasar Zazzau, ana yanke shari'ar aure da gado da bashi a cikinsu bisa mazhabar Malikiyya.

Wannan fili ba na tallar kowa ba ne, kuma mulkin kowane gwamna yana da abin yabo da abin zargi. Mutanen yankin ma sun nuna haka da ƙuri'unsu: Alhaji Sulaiman Hunƙuyi, ɗan ƙasar Kudan, ya kara da Maƙarfi a zaɓen gwamna na 2003 bai yi nasara ba, a 2015 kuma ya kayar da shi a kujerar Sanatan Kaduna ta Arewa. Darasin da ake nema a nan guda ne. A wancan sulhu an sassauta ne wajen waɗanda dokar za ta hau kansu, ba a ce wa Musulmi ya bar hukuncin addininsa ba, wannan kuwa ya fi kusa da mudara. In jiha ɗaya mai ƙananan hukumomi 23 ta bukaci haka kafin ta zauna lafiya, ina ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774?

Ƙarfi Da Amana

Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bayyana cikin littafinsa Assiyasatush Shar'iyya cewa kowane muƙami bisa ginshiƙai biyu yake tsayuwa, ƙarfi da amana, kamar yadda aka siffanta Annabi Musa a Suratul Ƙasasi. Ƙarfi shi ne iya aikin, amana kuwa ita ce tsoron Allah cikin abin da aka damƙa wa mutum. Da yake ba kullum suke haɗuwa a mutum ɗaya ba, sai a dubi wanda muƙamin ya fi bukata. Ya kawo cewa an tambayi Imamu Ahmad game da sarakunan yaƙi biyu, ɗaya jarumi mai saɓo, ɗaya salihi mai rauni, sai ya rinjayar da na farko, domin laifinsa yana komawa kansa, raunin na biyu kuwa jama'a ne za su biya shi da rayukansu. Ga kuma Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, wanda ba a shakkar gudun duniyarsa da gaskiyarsa. Da ya nemi muƙami, Annabi ya hana shi saboda rauni, ya tuna masa cewa abin amana ne. Ashe taƙawa ita kaɗai ba ta mayar da mutum shugaba.

Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi na Andalus, sun ce Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Mai kishin da ya taƙaita Shari'a kan sutura da giya ya ɗauki sashe ya bar sashe. A watan Satumba 2023 'yan bindiga suka afka wa masallaci a ƙauyen Saya-Saya cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, suka harbe mutane suna salla. Shugaban da ya iya hana irin wannan ya tsare rai, ya kuma tsare sallar jam'i, ko da bai taɓa hawa mumbari ba. Haka nan talauci. Uban da ya kasa ciyar da gida shi ne yake barin 'yarsa a wurin talla har dare, daga nan kuwa ɓarnar da ake kuka da ita takan soma. Shugaban da ya wawure baitulmali ya fi mai gidan giya ɓata tarbiyya, ko da ya gina masallaci a kowace unguwa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya ɗaga tutar addini ya cancanta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ana tsakiyar jihadi, ya ga yadda son mulki da tara dukiya suka shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar da ta fito domin Allah, har ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake gudanar da mulki bisa Shari'a. In a zamanin Shehu an sami masu fakewa da addini, ba abin mamaki ba ne a same su a zamanin hotuna da lasifika.

Hujjar Masu Ƙi

Duk da haka, hujjar masu ƙi tana da nauyi. Suna cewa ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin sharri biyu domin lalura aka yi ta, amma 'yan siyasa sun mayar da ita abincin kullum. Kowace shekara huɗu sai a ce a haƙura da wannan don wancan ya fi shi muni, ma'auni kuma ya yi ta sauka ba a lura ba. Suna kuma cewa ƙuri'ar da aka san za ta zo ko me aka yi ba ta da daraja a wurin mai karɓarta, domin zai je ya lallashi mai shakka, ya manta da wanda ya riga ya tabbata. Wannan gaskiya ce, kuma ba Musulmin Nijeriya kaɗai suka gamu da ita ba. A Amurka, a 2007, tsohon magajin garin New York Rudy Giuliani ya nemi jam'iyyar Republican ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, alhali yana goyon bayan a bar mata su zubar da ciki in sun so, abin da Kiristoci masu riƙon addini na jam'iyyar suke ƙyama. Shugabanninsu suka rabu. Pat Robertson ya mara masa baya saboda batun tsaro da alkawarin naɗa alƙalai masu ra'ayin riƙau, James Dobson kuwa ya ce ba zai jefa masa ƙuri'a ba. Giuliani ya janye a watan Janairu 2008 ba tare da ya ci jiha ko ɗaya a zaɓen fid da gwani ba.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka yi wannan ja-in-ja. An yi shi ne tun jam'iyya ba ta tsayar da kowa ba, lokacin da ƙi yake iya canja wanda za a tsayar. A Nijeriya ma galibi daga hannun wakilan jam'iyya 'yan takara suke fitowa. A taron PDP na Fatakwal a watan Oktoba 2018, inda Maƙarfi kansa ya nemi a tsayar da shi, wakilai 3,000 da 'yan kai ne suka yanke wa miliyoyin mutane sunan da za su gani ranar zaɓe. Waɗannan wakilai daga ƙasa suke tasowa, daga shugabannin jam'iyya na mazaɓu irin su Paki da Gazara da Likoro. Mutumin kirkin da ya ƙyamaci taron mazaɓa, ya bar shi ga 'yan banga da masu kuɗi, ba shi da bakin kuka in ya tarar da sunayen da ba ya so. Can ne wurin tsayawa ƙyam. Ranar zaɓe kuwa sai auna abin da yake akwai, zama a gida ma ba ya fid da mutum daga alhaki, domin wani zai hau ko da shi ko ba shi.

Ma'auni

To, in ranar ta zo, da me za a auna mai sassaucin? Na farko, a dubi abin da ya aikata a muƙaman da ya riƙe a baya, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya ci amanar jiha ba zai tsare ta ƙasa ba. Na biyu, a ji ko maganarsa ɗaya ce a Zariya da Inugu. Mai mudara yakan faɗi abu ɗaya da lafazi biyu, mai mudahana kuwa abu biyu yake faɗi, ya ba kowa wanda yake son ji. Na uku, a nemi ya bayyana a fili cewa ba zai taɓa kotunan Shari'a da haƙƙin jihohi na yin dokokinsu ba, ba zai kuma sa hannu kan wata doka ko yarjejeniya da za ta tilasta wa Musulmi abin da ya saɓa wa addininsu cikin aure da gado da tarbiyyar 'ya'ya ba. Wannan alkawari shi ya kamata malamai su nema gaban shaidu, shi ne farashin ƙuri'ar da ta san darajar kanta, kuma malamin da ya karɓi mota ko kujerar Hajji ya rasa bakin nemansa. Na huɗu, a tabbata zai yi adalci ga wanda ba Musulmi ba. A Ikara da Maƙarfi ma akwai Hausawa Kirista, maƙwabta ne masu haƙƙin maƙwabtaka, zalunci kuwa in ya saba shiga ƙofa ɗaya ba ya tsayawa a nan.

Wanda ya cika waɗannan, zaɓensa halal ne ko da ba ya magana da harshen masu wa'azi. In kuwa abokin karawarsa azzalumi ne ko kasasshe, zaɓen mai sassaucin yana iya zama shi ne mafi dacewa, ko da abokin karawar ya fi shi tsawon carbi. Amma wanda ya fito fili yana halatta abin da Allah Ya haramta, ko ya ɗauri aniyar rushe kotuna da makarantun addini, wannan ya wuce sassauci ya shiga gaba, ba a ba shi ƙuri'a ko da ya yi alkawarin kwalta har ƙofar gida.

Abu na ƙarshe, wannan mas'ala ta ijtihadi ce, ta auna maslaha da ɓarna, kuma mutum biyu masu tsoron Allah suna iya aunawa su saɓa. Ba ya halatta a kafirta wani ko a kira shi munafuki saboda inda ya dangwala yatsa, ba ya kuma kyautuwa a mayar da mumbarin Juma'a dandalin jam'iyya. 'Yan takara sukan shirya bayan zaɓe su ci tuwo a akushi ɗaya, a bar talakawa da gabar da ta hana su gaisawa a wurin jana'iza. Shugaba na shekara huɗu ne ko takwas. Tarbiyyar ɗa kuwa tana wuyan ubansa da uwarsa da malaminsa, kuma ranar hisabi ba wani shugaban ƙasa da zai amsa tambayar a madadinsu.

Allah Ya ba ƙasa shugabanni masu ƙarfi da amana, Ya ba talakawa basirar gane su. Allah ne Mafi sani.